Tambayoyi da Amsoshi: Kafa FreeRADIUS don hotspot ɗin MikroTik

Tambaya: Malam, ina sayar da intanet ta hotspot da na'urar MikroTik, masu amfani sun yi yawa. An ce in kafa sabar RADIUS. Ta ina zan fara?

Amsa: Shawarar da aka ba ka daidai ce. Aikin RADIUS shi ne ajiye sunaye da kalmomin sirri wuri guda, duk wanda ya zo shiga sai rauta, wato MikroTik ɗinka, ta tambayi saba ko a bar shi. Don girka FreeRADIUS, manhajar da ke wannan aiki, a Ubuntu 22.04 ka rubuta `sudo apt install freeradius freeradius-utils`. Fayilolin saiti suna cikin `/etc/freeradius/3.0/`.

Fayil biyu za ka fara taɓawa. A `clients.conf` ka sa adireshin IP na MikroTik da kalmar sirrin da rauta da saba za su riƙa gane juna da ita. A `mods-config/files/authorize` kuma ka rubuta mutum guda na gwaji: `gwaji Cleartext-Password := "sirri123"`.

Kada ka haɗa rauta tukuna. Tsayar da manhajar da `systemctl stop freeradius`, ka tashe ta da `freeradius -X`, wanda ke nuna duk abin da take yi layi bayan layi. In ka manta tsayarwar, za ta ƙi tashi ta ce adireshin yana hannun wani. Daga wata taga ka rubuta `radtest gwaji sirri123 127.0.0.1 0 testing123`. Idan ka ga Access-Accept, saba lafiya lau take. Wannan `testing123`, kalmar sirrin gane juna da manhajar ta zo da ita, kowa ya san ta, don haka kar ka kuskura ka ba rauta irinta.

Tambaya: Gwajin ya yi, amma MikroTik na cewa sabar ba ta amsawa.

Amsa: Bar `freeradius -X` a buɗe, ka gwada shiga ta waya, ka zuba wa allon ido. In ba abin da ya motsa, saƙon bai iso ba: buɗe tashoshin UDP 1812 na tantancewa da 1813 na lissafi, misali `ufw allow 1812,1813/udp`. Ka tabbatar kuma ka kunna `use-radius=yes` a bayanin sabar hotspot. In ka ga "unknown client", rauta ta fito da wani IP daban da wanda ka rubuta, abin da ke yawan faruwa idan NAT, tsarin da ke sauya adireshin IP a hanya, na tsakani. In kuwa saƙo ya iso amma ana ta ƙin kalmar sirrin da ka san daidai ce, to mai yiwuwa sirrin da ke tsakanin na'urorin biyu ne ya saɓa, ko da da harafi ɗaya. Sannan MikroTik na jiran amsa milisakan 300 ne kawai a saitinsa na asali a sigogi da dama. Idan sabar tana nesa, ƙara shi zuwa sakan ɗaya ko biyu.

Tambaya: Na hana mutum biyu shiga da suna ɗaya. Yanzu da an ɗauke wuta, kwastomomi ba sa iya komawa.

Amsa: Wannan ita ce matsalar da ta fi cin masu hotspot a wurarenmu. `Simultaneous-Use := 1`, saitin da ke hana mutum biyu shiga da suna ɗaya, yana dogara ne da teburin `radacct` mai ajiye shiga da fitar kowa, idan ka haɗa rumbun bayanai na MySQL ko MariaDB. Da wuta ta ɗauke, rauta ba ta samu damar aika saƙon fita ba, sai gurbin `acctstoptime`, na lokacin fita, ya zauna babu komai, saba na ganin mutumin yana ciki har yanzu. Kunna `radius-interim-update` a MikroTik, kamar duk minti biyar, don rauta ta riƙa sanar da saba waɗanda ke ciki, sannan ka sa aikin cron (aikin da ke tashi da kansa lokaci-lokaci) da zai rufe duk zaman da `acctupdatetime` ɗinsa, wato lokacin sanarwa ta ƙarshe, ya wuce minti goma sha biyar bai sauya ba. Ka sa wa rauta da saba UPS ko inbata, domin yankewar wuta kwatsam na iya lalata rumbun bayanan kansa, kuma ka riƙa kwafe shi kullum da `mysqldump` zuwa wata na'ura daban.