Taronmu na masu rubuta manhaja ya rasa masu jawabi, ya zan yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan an wuni lafiya. Ni ɗalibi ne a Zariya, mu biyar muka haɗu muka fara taron masu rubuta manhaja duk Asabar ɗin ƙarshen wata, mukan samu mutum 20 wani lokacin 30. Matsalar dai mu biyar ɗin nan ne ke ta magana kullum har an fara gajiya da mu. Sau uku ina sa sanarwa a guruf ɗinmu na WhatsApp cewa duk mai son gabatar da wani abu ya faɗa, amma shiru kake ji sai dai a turo sitika. Kuɗin biyan kowa kuma ba mu da shi. Don Allah a ba ni shawara.
Daga wani mai karatu a Samaru, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi muku albarka da wannan ƙoƙari, tara mutum 30 duk wata ba kuɗi ba komai ai ba ƙaramin abu ba ne.

Ka bar sanarwar guruf ɗin nan haka, ba za ta kawo maka kowa ba. In ka rubuta "duk mai so" kowa gani yake da manya ake, shi wane ne, ga kunya ga tsoron kar a ce yana nuna ya iya, ga kuma babban tsoron wato wani ya tashi cikin mutane ya ƙure shi da tambaya. Mutum ɗaya za ka nufa, ka kira shi a waya ko ka same shi ido da ido, kuma ka zo masa da maudu'in a hannunka.

Bari in ba ka misali. Akwai wani yaro da ke zuwa taronmu a Kaduna, kullum can baya yake zama da laftof ɗinsa ba ya cewa uffan. Sai na ji labarin ya yi wa kawunsa mai shagon atamfa shafin da ake biyan kuɗi ta Paystack, wato manhajar karɓar kuɗi ta intanet, kuma wani kuskure a kod ɗinsa ya sa oda ɗaya tana shiga sau biyu, kwana uku ya yi yana fama kafin ya gano. Bayan magariba na ja shi wurin mai shayi na ce ina so ka ba mu labarin kwana ukun nan. Ya ce "Yaya ni me na sani da zan tsaya gaban mutane?" Na ce ba lacca nake nema ba, minti 10 ne, ka nuna mana inda ya lalace da yadda ka gyara, in tambaya ta fi ƙarfinka ni zan karɓa. Ranar hannunsa har rawa yake wajen jona laftof da majigi, amma da ya gama sai da aka yi rabin awa ana masa tambayoyi, don rabin ɗakin sun taɓa cin karo da irin abin.

Saboda haka ka rage tsawon lokacin. Ko a manyan tarukan masu rubuta manhaja da yaren Python irin su PyCon akwai zangon gajerun jawabai na minti 5 kacal. Mutum huɗu masu minti goma-goma sun fi sauƙin samu a kan mutum ɗaya mai awa guda. Sannan ka faɗa musu tun farko cewa Hausa ta halatta, a gauraya da Turanci yadda muke yi a hira, wallahi da yawa abin da ke hana su tashi Turancin ne, aikin kam sun iya shi. Kwana biyu kafin taro ku zauna da mai jawabin ya gwada a gabanka kai kaɗai.

Batun inda za ka samo su kuwa, ai kana zaune kan rijiya. ABU na nan kusa da kai, 'yan ajin ƙarshe kowa na da furojet da zai kare gaban malamai kuma zai so ya fara gwadawa a wurinku. Waɗanda suka dawo daga SIWES, wato horon da ɗalibai ke zuwa yi a wuraren aiki, suna da labarin yadda aiki yake a ofis, ga masu bautar ƙasa, ga waɗanda suka shiga shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta fara a 2023. In kana son baƙo jefi-jefi, ka tuntuɓi mutanen cibiyar fasaha ta CoLab a Kaduna ko masu shirya GDG, wato ƙungiyoyin masu rubuta manhaja da Google ke tallafa wa, da ke yin taron DevFest wajen ƙarshen shekara, ko 'yan HausaNLP masu aikin koya wa kwamfuta harshenmu. Wanda ba zai iya zuwa ba ya yi ta Google Meet, amma ku gwada netwok ɗin ɗakin tun da safe.

Mata kuma kar ka jira su kawo kansu. Ka nemi wata daga cikin masu zuwa ta yi musu magana, ka bar su su gabatar su biyu tare in sun fi so, kuma ku tabbata an tashi kafin magariba, don yawanci abin da gida ke dubawa ke nan.

Na san ba kuɗi, amma kuɗin mota dai ku yi karo-karo ku ba wanda ya taso daga nesa, ku tanadi ruwa da wayar HDMI da cajin da zai kai in an ɗauke wuta. Ku ɗauki bidiyon jawabin ko da waya ce ku tura masa ya sa a LinkedIn, shafin sada zumunta na ma'aikata, yana taimakawa sosai wajen neman aiki.

Ka riƙa tsara na wata biyu gaba, kuma ɗaya daga cikinku biyar ya riƙe jawabi a aljihu saboda ranar da wani zai kira ya ce uzuri ya taso. Duk wanda ya gama magana kuma, kafin ya naɗe cajarsa ka tambaye shi wa ya sani da ke wani aiki mai kyau, ka karɓi lambar nan take ka roƙe shi ya fara yi masa magana kafin kai ka kira.