Abin da ya sa ba na ƙona ciyawar shinkafa

Ɗana, jiya ka tambaye ni mi ya sa na hana ka cinna ma ciyawar shinkafar da munka sussuke wuta, na ce a baza ta cikin fangalin tumatir, har kana tsoron kar ta jawo muna gara. To saurara.

Gobe da azahar ka je fangalin da munka rufe, ka ɗaga ciyawar ka tura yatsa, za ka ji ƙasar da sanyi tana manne maka a hannu, sannan ka matsa wanda ke tsirara ka gani, ya bushe ya yi ɓawo har ya tsattsage alhali rana ɗaya munka ba su ruwa. Rana da iska ke shanye laimar nan. Mu nan wajen Argungu damina daga Yuni zuwa Satumba ce, sauran shekara inji ke shayar da mu, kuma kai ka ke zuwa sayen fetur ka san yadda kuɗin ke ciwo, balle Maris da Afrilu in zafi ya haura digiri 40. Wallahi raina na ɓaci in na hangi hayaƙi cikin fadama, taki da laima a ke ƙonawa.

Amma wurin zubawa a ke kuskure. Ka fara ba ƙasa ruwa ta ƙoshi tukuna, sannan ka shimfiɗa, kaurin yatsu huɗu ya isa. Kar ka jingina ta da gindin shuka, bar mai ɗan fili ya sha iska, in ba haka ba ruɓewa za ya yi. Hakin da ya yi iri kuma kar ka kawo, wahalar cira za ka shuka ma kanka. Kuma bisa a ke barin ta, in ka turbuɗe ta cikin ƙasa ba ta ruɓe ba sai ka ga ganye na yin ɗorawa. Ko bedin irin albasa haka a ke rufe shi, ya tsiro a yaye.

Gara kam za ta zo, ba ni yi maka ƙarya, sai dai busasshe ta fi so, kuma ramukan da ta ke haƙawa nan ruwa ke bi ya nutse. Ka dai riƙa dubawa.

Ka yi sammako da amalanke, akwai fangali shida da ba mu rufe ba.