Likita ya ƙiyasta wa mahaifina shekarun da zai yi bayan tiyatar kansar tumbi: shin wannan da'awar sanin gaibu ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. An yi wa mahaifinmu tiyata saboda kansar tumbi, aka yanke kashi biyu cikin uku na tumbin. Likita ya ce sun ciro ƙwayoyin kaluluwa 24 sun auna, 5 na ɗauke da cutar, wato ta kai mataki na 3. Da na matsa masa da tambaya sai ya ce cikin mutum goma masu irin halin Baba, uku zuwa huɗu ne ke kai shekara biyar, kuma ciwon na iya dawowa, don haka a fara kemo, wato magani mai ƙarfi na kashe ƙwayoyin kansa. Yayana ya fusata, ya ce likitan ya yi shisshigi cikin ilimin Allah, kada a gaya wa Baba, kada a koma asibitin. Shin na yi zunubi da na tambaya? Kuma mu ɓoye masa?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba mahaifinku lafiya, Ya sa kaffara ne.

'Yar'uwa, ba ki yi zunubi ba, likitan ma bai yi da'awar gaibu ba. Kishin yayanki ga aƙida abin yabo ne, sai dai ya ɗora aya a inda ba ta sauka ba. Gaskiya ne Allah Ya ce a ƙarshen Suratu Luƙman, aya ta 34, rai bai san abin da zai aikata gobe ba, kuma bai san a wace ƙasa zai mutu ba. Gaskiya ne Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa kwana arba'in. Amma ɗan duba kan nuna mutum ɗaya ya ce kai ranar kaza abu kaza zai same ka, ba da wani dalili da ido ke gani ba. Ki koma kan maganar likitan da kyau. Bai ce Baba zai rasu shekara kaza ba. Cewa ya yi cikin goma uku zuwa huɗu. A ina Baba yake cikin goman? Da kin tambaye shi, da ya ce bai sani ba.

Na ɗan tsaya a kan yadda suke samo wannan lissafi, domin hukunci a kan abu yana bin fahimtarsa. Abu uku suke dubawa: zurfin da ƙarin ya ci cikin bangon tumbi, yawan ƙwayoyin kaluluwar da cutar ta shiga, da ko ta tsallaka zuwa wata gaɓa mai nisa kamar hanta ko tantanin da ya lulluɓe kayan ciki. A ƙa'idarsu ana son a auna ƙwayoyi 16 ko fiye kafin a amince da matakin da aka ba mutum, to 24 ɗin da aka ciro wa Baba sun wadatar. Wanda aka samu cutar a ƙwaya 1 ko 2 rukuninsa daban, mai 3 zuwa 6 daban, mai 7 zuwa sama daban. Daga nan sai su buɗe kundin dubban majinyatan da suka gabata masu irin wannan siffa, su ƙirga nawa ne suka kai shekara biyar. Ƙirgar waɗanda suka wuce ce, ana haska na yanzu da ita. Shi ya sa adadin ke canzawa idan sababi ya canza. A Japan da Koriya ta Kudu, inda ake leƙa tumbin mutane da na'ura tun ba su ji ciwo ba, fiye da kashi 60 cikin ɗari na kaiwa shekara biyar, alhali a yawancin ƙasashe adadin bai kai kashi 40 ba. Abin da ke hawa da sauka saboda gano cuta da wuri ilimin sababi ne, irin na wanda ya ga hadari ya haɗu ya ce yau akwai alamar ruwa.

Magabata sun yi aiki da irin wannan. Lokacin da aka soki Sayyidina Umar a ciki a shekara ta 23 bayan Hijira, Bukhari ya ruwaito cewa an ba shi jiƙon dabino ya sha ya fito ta cikinsa, aka ba shi nono shi ma ya fito ta raunin, sai suka gane ba zai tashi ba. Babu sahabi ɗaya da ya ce an yi kutse cikin gaibu. Umar kuwa me ya yi? Ya sa ɗansa Abdullahi ya lissafa bashin da ke kansa, ya aika wa Nana A'isha neman izinin a binne shi kusa da abokansa biyu, ya ɗora al'amarin halifanci kan mutum shida. Da an ɓoye masa, da duk wannan ya salwanta. Ga kuma ɗaya gefen: Sa'adu bin Abi Waƙƙas ya kwanta a Makka shekarar Hajjin Ban-kwana har ya fitar da rai da rayuwa, yana da 'ya ɗaya tak, ya nemi ya yi sadaka da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Annabi (SAW) ya tsayar da shi a sulusi. Sa'adu ya warke, ya jagoranci yaƙin Ƙadisiyya, ya haifi 'ya'ya da yawa, ya ƙara fiye da shekara 40 a duniya.

A fiƙihunmu ma maganar a fili take. Shehu Khalil a Mukhtasar, babin hana tasarrufi da dukiya, ya ambaci majinyacin da likitanci ya hukunta cewa ana yawan mutuwa da cutarsa, ya ba da misali da tarin fuka da zazzaɓi mai tsanani. Irin wannan ba ya kyautar da fiye da sulusin dukiyarsa, ban da abin da zai ci da abin da zai yi magani. Kin ga ashe shari'a da kanta take neman ƙiyasin likita ta gina hukunci a kai. Abin da aka hana shi ne a mayar da zato mai rinjaye yaƙini, a ce lallai zai mutu, ko a yanke ƙauna daga rahamar Allah. Likitan da ya yanke wa mutum rana da wata da gadara ya yi kuskure a addini, ya kuma yi kuskure a sana'arsa.

Batun ɓoyewa, ban goyi bayansa ba. Jikin nasa ne, shi za a ɗaura wa ruwan kemo, shi zai ji tashin zuciya da kasala, kuma ba a yi wa baligi mai hankali magani sai da yardarsa. Hadisin Ibn Umar a Bukhari da Muslim ya ce bai kamata Musulmin da ke da abin wasiyya ya kwana biyu ba face wasiyyarsa na rubuce. Wataƙila akwai bashi ko ajiyar wani da shi kaɗai ya sani. Sai dai ba dole ne a jefa masa alƙaluma ba. A gaya masa ciwon babba ne, an cire abin da ido ya gani, akwai yiwuwar ya dawo, ga maganin da ke rage yiwuwar. Idan ya nemi adadi a faɗa masa, idan ya ce bai son ji a ƙyale shi. Ku zaɓi wanda ya fi jin maganarsa cikinku, a lokacin da yake da natsuwa. Ƙarya kuma, a ce masa gyambon ciki ne kawai, ba ta halatta ba, domin a kanta zai ƙi magani.

Kemo kuwa, asalin neman magani halal ne kuma abin so, saboda hadisin Usama bin Sharik: ku yi magani ya bayin Allah. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1992 ta bayyana cewa hukuncin yana canzawa da hali, har ya zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka. A nan amfanin ba tabbas ba ne, amma ba ƙarami ba ne: wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, aka fitar a 2006, ya nuna masu kai shekara biyar sun tashi daga kashi 23 zuwa 36 cikin ɗari idan aka haɗa tiyata da kemo kafinta da bayanta. Don haka abin da na rinjayar shi ne mustahabbi ne mai ƙarfi ga Baba matuƙar jikinsa zai ɗauka. Idan ya ji bayani ya ƙi da kansa, ba za a ce ya yi saɓo ba. Amma yayanki ba shi da ikon hana shi, kuma idan ya hana har cuta ta biyo baya, akwai nauyi a wuyansa.

Ku riƙe ranakun komawa asibiti, domin yawancin dawowar wannan ciwo cikin shekara biyu zuwa uku na farko take faruwa. Idan kun ga rama ba dalili, kumburin ciki, amai da ya ƙi tsayawa, baƙin bayan gida ko ido ya yi rawaya, kada ku jira ranar da aka rubuta muku. Ki nuna wa yayanki wannan amsa a keɓe, kada a yi gardamar a gaban Baba.

Wallahu a'alam.