Gwamnan Michigan da ya sha naushi a Lusaka saboda maganar Afirka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin tarihi ne a Zariya. A wata lacca malaminmu ya ambata a gurguje cewa a zamanin Kennedy an ɗora wani tsohon gwamnan jiha a kan harkokin Afirka, har wani Bature ya kai masa naushi a filin jirgi saboda wata magana da ya faɗa. Wane ne wannan mutumin? Yaya aka yi gwamna ya koma aikin diflomasiyya? Kuma ya tsinana wa Afirka wani abu, ko dai daɗin baki ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wanda malaminku yake nufi shi ne Gerhard Mennen Williams. Ya mulki jihar Michigan shekara 12, daga 1949 zuwa farkon 1961, sannan ya riƙe muƙamin mataimakin sakataren harkokin wajen Amurka mai kula da Afirka daga 1961 zuwa 1966. Kujerar nan ce da daga baya Johnnie Carson da Linda Thomas-Greenfield suka hau, waɗanda ka saba jin sunansu a labaran rediyo. Naushin kuwa ya faru da gaske.

An haife shi a Detroit ranar 23 ga Fabrairun 1911, a gidan masu hannu da shuni. Kakansa na wajen uwa shi ya kafa kamfanin Mennen mai yin hoda da sabulun aski, daga nan ya samo laƙabin Soapy, wato na sabulu, wanda ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Ya gama jami'ar Princeton a 1933, ya karanta lauya a Jami'ar Michigan ya fito a 1936. Gidansu 'yan jam'iyyar Republican ne gaba da baya, amma karayar tattalin arzikin shekarun 1930 da shirye-shiryen Shugaba Roosevelt na ceto talakawa suka juya shi zuwa Democrat. Ya yi aiki ƙarƙashin Frank Murphy, gwamnan Michigan wanda daga baya ya zama ministan shari'a na tarayya, kuma a yaƙin duniya na biyu ya yi sojan ruwa a tekun Fasifik.

A 1948, yana da shekara 37, ya tsaya takarar gwamna ya kayar da mai ci, Kim Sigler. Ƙarfinsa yana wurin ma'aikatan masana'antun mota na Detroit da ƙungiyarsu ta ƙwadago ƙarƙashin Walter Reuther, da baƙar fata da suka yi ƙaura daga kudu don neman aiki, da 'ya'yan baƙin haure daga Turai. Dogo ne, kullum da ɗan madaurin wuyansa kore mai ɗigo-ɗigon fari, wanda ya zama tambarinsa. Ba ya wuce taro bai gaisa da kowa hannu da hannu ba, kuma idan ana rawar gargajiyar karkara shi yake karɓar lasifika ya riƙa kiran taku. A lokacin wa'adin gwamnan Michigan shekara biyu ne, don haka sau shida ya ci zaɓe. Na 1950 da ƙyar da jiɓin goshi, sai da aka sake ƙirga ƙuri'u, tazarar ba ta kai 1,200 ba.

Abin da 'yan jihar suka fi tunawa da shi ita ce gadar Mackinac, mai tsawon kimanin kilomita 8, wadda ta haɗe ɓangarorin jihar biyu da ruwa ya raba, aka buɗe ta ranar 1 ga Nuwamban 1957. Amma abin da ya fi shafar tambayarka shi ne matsayinsa kan wariyar launin fata. A 1955 ya sa hannu kan dokar hana nuna bambanci wajen ɗaukar aiki, bayan shekaru yana fafatawa da majalisar jiha a kanta. Ya naɗa baƙar fata alƙalai, cikinsu har da Wade McCree a 1954, a zamanin da hakan baƙon abu ne ko a arewacin ƙasar.

Yana da burin shugabancin ƙasa, sai 1959 ta karya shi. Ya nemi a sa harajin samun kuɗi, majalisar dattawan jihar da ke hannun 'yan Republican ta ƙi, baitulmali ya bushe, ranar albashi ta zo ma'aikatan jiha suka tashi hannu rabbana. Jaridun ƙasar suka yi ta yayata cewa Michigan ta tsiyace a hannunsa. Sai ya haƙura ya mara wa Kennedy baya. A babban taron jam'iyya na 1960 kuma ya fito fili ya ƙi amincewa da Lyndon Johnson a matsayin mataimaki, don yana ganin ɗan Texas ba zai tsaya wa 'yancin baƙar fata ba. Ka riƙe wannan, domin Johnson ɗin ne ya zama maigidansa bayan 1963.

Yadda gwamna ya koma diflomasiyya ba wani abin mamaki ba ne a tsarin Amurka. Shugaban ƙasa ne yake naɗa jakadu da manyan jami'an ma'aikatar harkokin waje, majalisar dattawa ta tantance, kuma babu dokar da ta ce sai wanda ya taso a cikin ma'aikatar. Kennedy kaɗai ya kwashi tsofaffin gwamnoni huɗu zuwa aikin diflomasiyya: Adlai Stevenson na Illinois ya tafi Majalisar Ɗinkin Duniya, Chester Bowles na Connecticut ya zama na biyu a ma'aikatar, Averell Harriman na New York ya zama jakada na musamman, sai Williams. Shi ne ma naɗin farko da Kennedy ya sanar a ma'aikatar harkokin waje, a farkon Disamban 1960, tun kafin a san wanda zai zama sakataren harkokin waje, yana cewa muƙamin ba ya ƙasa da kowanne a sabuwar gwamnati. Akwai siyasa a ciki, ba shakka. Ana biyan Michigan ladan ƙuri'unta, ana kuma aika saƙo ga baƙar fatan da suka zaɓi Kennedy. Akwai kuma buƙata ta gaske: a 1960 kaɗai ƙasashen Afirka 17 suka sami 'yancin kai, har da Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, alhali sashen Afirka na ma'aikatar sai a 1958 aka kafa shi. Kafin nan Washington ta fi sauraron abin da Landan da Paris suka ce game da nahiyar.

Bai daɗe da kama aiki ba ya fita rangadi. A Nairobi, cikin Fabrairun 1961, ya shaida wa 'yan jarida cewa Amurka tana son Afirka ta zama ta 'yan Afirka. A yau wannan magana ce da ba za ta ɗaga gira ba. A lokacin Kenya tana hannun Ingila, Jomo Kenyatta yana tsare, Turawa 'yan kaka-gida suna riƙe da gonakin tsaunuka, ga Rodeshiya da Afirka ta Kudu. Aka yi ca a kansa a majalisar Ingila da jaridunsu. Ya yi bayanin cewa da 'yan Afirka yana nufin duk wanda ya mai da nahiyar gidansa, fari ko baƙi, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Da aka tambayi Kennedy a taron manema labarai, sai ya ce shi bai san ta wa kuma Afirka za ta zama ba. A watan Agustan shekarar, a filin jirgin Lusaka, a Rodeshiya ta Arewa wadda yau ita ce Zambiya, wani Bature mazaunin ƙasar ya nufo shi ya kai masa naushi a muƙamuƙi a gaban jama'a. Wannan naushi ya saya masa farin jini a Afirka fiye da duk jawabin da zai iya yi.

Sai tambayarka ta uku, wadda ita ce mai nauyi. A ganina mutumin da gaske yake, amma kujerarsa ba ta da ƙarfin da Kennedy ya zuzuta. Mataimakin sakatare shawara yake bayarwa. A samansa akwai sakataren harkokin waje Dean Rusk, akwai George Ball da ya maye gurbin Bowles a ƙarshen 1961, mutumin da hankalinsa yake kan Turai da ƙawancen NATO, ga ma'aikatar tsaro, ga hukumar leƙen asiri da ke gudanar da nata sha'anin.

Angola, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin mallakar Fotugal, ita ce ta fi nuna wannan. A Maris ɗin 1961 Amurka ta yi abin da ba ta saba ba, ta kaɗa ƙuri'a a Kwamitin Sulhu tana goyon bayan ƙudurin da ke neman Fotugal ta sauya tafiyarta a Angola, alhali Ingila da Faransa sun ƙaurace. Williams da Stevenson suka ga sun yi nasara. Amma Salazar, mai mulkin Fotugal, yana riƙe da abin da sojojin Amurka ba za su iya rabuwa da shi ba, wato sansanin jiragen Lajes a tsibiran Azores, inda jiragen soja ke yada zango a hanyar Turai, ga rikicin Berlin yana ci, ga yarjejeniyar sansanin za ta ƙare a ƙarshen 1962. Salazar ya ja igiya, Washington ta sassauta. Williams ya yi ta rubuta takardu yana gargaɗin cewa za a rasa amincin 'yan Afirka saboda filin jirgi, aka karanta aka ajiye. Angola ba ta sami 'yanci ba sai 1975.

A Kwango ya fi samun yadda yake so. An kashe Patrice Lumumba, firaministan ƙasar na farko, ranar 17 ga Janairun 1961, kwana uku kafin rantsar da Kennedy, don haka gawa ya tarar. Abin da ya rage shi ne ɓallewar lardin Katanga mai arzikin tagulla ƙarƙashin Moise Tshombe, wanda kamfanonin Beljiyam da wasu 'yan majalisar Amurka ke ɗaure wa gindi. Williams ya tsaya kai da fata a kan a mara wa dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya baya, waɗanda sojojin Najeriya na cikinsu, har ɓallewar ta ƙare a Janairun 1963. Sai dai daɗin bai daɗe ba. A 1964 Tshomben nan ya dawo ya zama firaministan Kwango baki ɗaya, ya ɗauko sojojin haya Turawa, kuma a Nuwamba jiragen Amurka suka sauke sojojin laima na Beljiyam a Stanleyville don kuɓutar da Turawan da aka yi garkuwa da su. Ƙasashen Afirka da dama suka fusata, kuma Williams ne aka bari da aikin wanke abin da ba shi ya tsara ba. A Nuwamban 1965 Mobutu ya ƙwace mulki.

Kan Afirka ta Kudu ya sami rabin biyan buƙata: a Agustan 1963 Amurka ta sanar za ta daina sayar wa gwamnatin wariya makamai, amma takunkumin kasuwanci ko kusa. Sashensa ya kuma goyi bayan ba Ghana rancen madatsar ruwan Volta duk da masu cewa Nkrumah ya karkata ga Rasha, kuma a zamaninsa ne Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kai ziyarar aiki Washington a Yulin 1961 har ya yi jawabi a majalisar dokoki.

Akwai kuma abin kunyar gida da ya riƙa sare masa gwiwa. A Yunin 1961 jakadan Chadi, Adam Malick Sow, yana kan hanyar New York zuwa Washington don miƙa takardunsa ga Kennedy, ya tsaya a wani gidan abinci a jihar Maryland, aka ƙi sayar masa saboda launin fatarsa. Ba shi kaɗai hakan ta faru da shi ba a wannan titin. Williams ya sha nanata wa 'yan ƙasarsa cewa ba za ka yi wa Afirka wa'azin 'yanci ba alhali jakadanta ba zai iya shan kofi a bakin hanyarka ba. A nan tsohon gwamna ya fi ƙwararren jami'i amfani, don yana da bakin yi wa 'yan siyasar gida magana.

Bayan kashe Kennedy a Nuwamban 1963, Johnson ya bar shi a kujerar, amma hankalin fadar ya koma Vietnam. Watanninsa na ƙarshe sun zo da ɗaci: Ian Smith ya ayyana 'yancin Turawan Rodeshiya ranar 11 ga Nuwamban 1965, aka kashe Tafawa Ɓalewa da Sardauna a juyin mulkin Janairun 1966, aka kifar da Nkrumah a Fabrairu. A Maris ya ajiye aiki ya koma gida neman kujerar sanata, ya sha kaye a hannun Robert Griffin. Johnson ya tura shi jakada a Filifin a 1968, zamanin Marcos, bai cika shekara ba gwamnati ta sauya. A 1970 aka zaɓe shi alƙalin kotun ƙolin Michigan (a can zaɓen alƙalan ake yi), ya yi shekara 16, huɗu na ƙarshe yana babban joji. Ya rasu ranar 2 ga Fabrairun 1988. Kayan sassaƙa na Afirka da ya tara a tafiye-tafiyensa, da yawansu ya ba gidan adana kayan fasaha na Detroit.

Al'adar tura gwamnoni waje tana nan har yau. Jon Huntsman na Utah ya yi jakada a China sannan a Rasha, Gary Locke na jihar Washington da Terry Branstad na Iowa duk sun riƙe ofishin Beijing, Nikki Haley ta South Carolina ta wakilci ƙasar a Majalisar Ɗinkin Duniya daga 2017 zuwa 2018. Sashen Afirka kuwa, tun bayan Williams ba a sake ba shi tsohon gwamna ba, yawanci ƙwararrun ma'aikatar ne da malaman jami'a suke riƙe shi.