Amsa: me ya sa raunin gwiwar ɗan baya ɗaya yake hargitsa tsarin ƙungiya?

Salamu alaikum 'yan zaure. Malam, ka ce lamba biyar ɗinku, wato ɗan bayan tsakiya, ya ji ciwo a gwiwa, mutum ɗaya ne ya fita, amma a wasan da ya biyo baya koci ya taɓa gurbi uku. Kana tambaya me ya hana shi ɗauko ɗan baya daga benci ya saka kawai, kuma yaushe mutumin zai dawo.

Ta biyun ce take yanke ta farkon, don koci ba ya zana komai sai ya ji abin da ya taɓu a cikin gwiwar. Idan jijiyar gefe ce ta ɓangaren ciki, wadda likitoci ke kira MCL, galibi ba a tiyata. Ƙaramin rauni mako ɗaya zuwa uku, matsakaici wajen mako shida, in ta tsinke gaba ɗaya wata biyu zuwa uku. Idan guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri ne ya yage, magana biyu ce: in an yanke yagaggen wajen an cire, yana iya dawowa cikin wata ɗaya zuwa biyu, in kuwa ɗinke shi aka yi, a ƙaddara wata huɗu ko fiye. Babbar ita ce ACL, jijiyar can ciki da ke hana ƙwauri zamewa gaba da murɗewa. Ɗan ƙwallon da ya tsinke ta sai tiyata: a yanko jijiya daga bayan cinyarsa ko daga ƙasan ƙoƙon gwiwa a dasa, sannan jinya da atisaye na wata shida zuwa tara, wani har shekara.

Ana iya zarginta tun daga kallo. Ɗan wasa ya dasa ƙafa zai juya, ko ya diro daga tsalle, ya zube ba tare da kowa ya taɓa shi ba, gwiwar ta kumbura cikin 'yan awanni. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya, sai MRI. Wannan kira ne ga masu ƙungiyoyin unguwa a nan Kano: mai ɗori aikinsa karaya da gocewar ƙashi, ba zai haɗa jijiyar da ke cikin gwiwa ba. A kai yaro asibitin ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano a duba. Kumburi yana sacewa, yaro ya yi gudu miƙe ya ce ya warke, ranar da ya juya da ƙarfi gwiwar ta sake zamewa, wannan karon har da guringuntsin.

To yanzu tsari. In mako uku ne, faci ake yi a wuce. In wata tara ne, kakar ta tafi, sai sabon lissafi.

Abin da masu cewa "a saka na benci" ba sa dubawa shi ne lamba biyar da lamba shida, wato 'yan bayan tsakiya, aiki ɗaya suke yi su biyu. Ɗaya yana fita ya tari ɗan gaba, ɗaya yana tsayawa a bayansa ya share abin da ya wuce. Ɗaya ne yake magana, shi yake cewa a taso, shi yake riƙe layin satar gida. In mai maganar ne ya fita, za ka ga mutum uku sun taso, ɗaya ya makara da taku biyu, ɗan gaba ya tsinci kansa daga shi sai gola. A gidan kallo za a zagi wanda ya makara, alhali babu wanda ya kira shi.

Sai gudu. Ƙungiyar da ke tsayar da 'yan bayanta kusa da layin tsakiya ta dogara ne da cewa in an jefa ƙwallo bayansu akwai mai gudun da zai cim mata. Ka cire shi ka saka mai nauyin jiki, dole layin ya ja baya, a ce mita goma. Mita goman nan ba ɓacewa suke yi ba, rami suke zama tsakanin baya da tsakiya, kuma nan lamba goma na abokan hamayya, mai raba wa 'yan gabansu ƙwallo, yake zama ya sha iska. In 'yan tsakiya suka ja baya don toshe ramin, 'yan gaba sun yi nisa, matsin da suke yi ya zama gudun banza. Shi ya sa za ka ga an ji wa ɗan baya ciwo amma cin ƙwallo ne ya ragu.

Akwai kuma ƙafa. In wanda ya fita bahago ne mai buga ɓangaren hagu, ka saka na dama a wurinsa, kalli yadda zai karɓi ƙwallo daga gola: jikinsa a rufe yana kallon tsakiya, sai ya ƙara taɓawa ɗaya kafin ya iya miƙa wa lamba uku, ɗan bayan gefen hagu. Wannan taɓawar ta isa ɗan gaba ya iso kansa, sai ya mayar wa gola, gola ya ɗaga sama. Lamba biyu da lamba uku ma, wato 'yan bayan gefe, za a ce su rage hawa, don babu wanda zai rufe musu baya. A bugun kwana kuma, in shi ne mafi tsawo, sai an sake raba wa zai riƙe wa, an kuma rasa kai ɗaya a kwanar da ku za ku buga.

Saboda tsoron duk wannan ne koci yake janyo lamba huɗu, ɗan tsakiyar da ke tsare gaban 'yan baya, ya mayar da shi baya, ya saka wani a gurbin lamba huɗun, wani lokaci ya ajiye ɗan gefe ya ƙara ɗan tsakiya. Ga gurbi ukun da ka gani. A ganina nan aka fi yin kuskure, tufka da warwara ce: ka samu ɗan baya na aro, ka rasa garkuwar da ke hana ƙwallo isa bayan tun farko.

Liverpool ta 2020/21 ta ishe mu misali, 'yan bayan tsakiyarta uku suka ji rauni. A Oktoban 2020 Van Dijk ya tsinke ACL a wasan Everton bayan karo da Pickford, a Nuwamba Joe Gomez ya ji ciwon gwiwa a atisayen Ingila, a Janairu Matip ya bi su da idon sawu. Koci Klopp ya mayar da ɗan tsakiya Fabinho baya, daga bisani har da Henderson, shi ma ɗan tsakiya. Ƙungiyar da ta yi wasa 68 na lig a Anfield ba a doke ta ba, sai ga shi an doke ta sau shida a jere a gida, daga Burnley a Janairu zuwa Fulham a Maris. Da Fabinho ya koma tsakiya aka bar baya a hannun su Nat Phillips, Kabak da Rhys Williams, waɗanda ba wanda zai kira su gwanaye, wasa goma na ƙarshe suka ci takwas, canjaras biyu, suka ƙare na uku. Canjaras biyun ma, da Leeds da Newcastle, wasannin da Fabinho ya sake komawa baya ne.

Na san 'yan Madrid na zauren nan za su taso da 2023/24: ɗan baya Militao ya tsinke ACL a Agusta, ɗan baya Alaba a Disamba, koci Ancelotti ya sa ɗan tsakiya Tchouameni a baya, suka ɗauki La Liga da kofin zakarun Turai. Gaskiya ne. Amma duba wa ya rage a tsakiya: Kroos, Valverde, Camavinga, Modric. Mai irin wannan rumbun shi ke da ikon ɗiba. In lamba huɗunka ɗaya ne tal, bar shi a wurinsa, ka yarda da yaron da aikinsa baya ne, ka ja layi ƙasa kaɗan, ka sauƙaƙa masa umarni.

Komawa 'yan baya uku kuwa, yana ɓoye marar gudu, amma kana neman 'yan baya uku a lokacin da ka rasa ɗaya, ga shi sai da 'yan gefe biyu masu huhun hawa da sauka minti 90. Ba a koyonsa a atisayen kwana uku.

A gasarmu ta gida abin ya fi ciwo. Ƙungiya 20, wasa 38, ga tafiyar mota daga Kano zuwa Aba ko Fatakwal. Ƙungiya irin Pillars in ta rasa ɗan baya bayan an rufe kasuwar 'yan wasa, waɗanda suka rage su za su buga kowane wasa, gajiya ta taru, katin gargaɗi ya taru, rauni na biyu ko dakatarwa ya zo. Ko a cikin wasa, canji biyar ake da shi amma sau uku kawai ake tsayar da wasa don yin sa, ban da hutun rabin lokaci, don haka koci yakan riƙe dama ɗaya saboda baya, ya fasa ƙara ɗan gaba ko da ana neman ci.

Ranar da aka ce ya dawo atisaye, kada ka sa shi a cikin sha ɗayanka tukuna. Likitoci suna so ƙarfin cinyar da aka yi wa aiki ya kai aƙalla kashi 90 cikin ɗari na ɗaya ƙafar, ya kuma ci gwajin tsalle da ƙafa ɗaya. Daga nan minti 15 ko 20 a wasan da aka riga aka ci, sai zubi ɗaya, sai awa guda, kuma ba a haɗa masa wasa biyu cikin kwana uku ko huɗu. A wannan lokacin tsokar bayan cinya ce take yawan ballewa, musamman in daga nan aka yanko jijiyar. In yana fili, kada ka duba gudunsa miƙe. Duba lokacin da ɗan gaba ya yanke shi ta ɓangaren ƙafar da aka yi wa aiki: in ya dasa ta ya juya a take, ya dawo, in kuwa yana ƙara ƙananan taku biyu kafin ya juya, koci zai ci gaba da ajiye masa mai gudu a gefensa.