Tambaya da Amsa: Lambar Sama Ta Hau, Ta Ƙasa Tana Nan Daidai

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifina yana da shekara 71, kuma duk sanda aka auna jininsa akan samu kamar 168 bisa 76. Shi yana cewa tsufa ne kawai, tunda lambar ƙasa ba ta hau ba. Yakan kuma ji jiri idan ya tashi da asuba, har ya fara tsallake maganinsa na hawan jini. Shin yana da gaskiya?
Daga wata mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Lallai tsufa ne ya kawo hakan, amma ba hujja ba ce ta zuba wa abin ido.

Manyan jijiyoyin da ke ɗauko jini daga zuciya suna da taushi a lokacin ƙuruciya, suna buɗewa idan zuciya ta turo jini, sannan su koma yadda suke. Da shekaru suka ja, sai bangonsu ya yi kauri ya ƙage, kamar robar ban-ruwa da ta daɗe a rana. Lambar sama tana nuna ƙarfin jini a daidai lokacin bugawar zuciya, shi ya sa take hawa idan jijiya ta daina buɗewa, alhali ta ƙasa takan tsaya ko ma ta ragu bayan shekara 60. Zuciyar da ke bugawa kusan sau 100,000 a rana, tana tura jini cikin ƙagaggun jijiyoyi, dole naman ɓangarenta na hagu ya yi kauri, daga baya ta gaji. Duk awon da ya zauna a 140 ko fiye a sama hawan jini ne, ko da ta ƙasa ba ta kai 90 ba, kuma a wurin dattawa wannan lambar ce aka fi dangantawa da shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda.

Jirin ma daga nan yake. Akwai wasu ƙananan sassa a jijiyoyin wuya da ke lura da saukar jini idan mutum ya miƙe, su sa zuciya ta ƙara sauri nan take, to tsufa yana rage musu kuzari. Baba ya riƙa zama a bakin shimfiɗa na minti ɗaya ko biyu kafin ya tashi alwala. Ki mayar da shi wurin likitansa a auna shi yana kwance da kuma yana tsaye, domin wataƙila adadin maganin ne ke buƙatar gyara. Tsallakewar ce ba na so, don na fi tsoronta a kan jirin.

Sai batun tukunya, wanda a hannunku yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen miya da yaji da kilishi duk suna cikin lissafin. Idan kuwa ya ji ciwon ƙirji, ko haki yana zaune, ko bakinsa ya karkace, a kai shi asibiti a take, kada a jira gari ya waye.