Zama a Guangzhou: kallon da ake yi wa baƙo, zirga-zirga, da hawan keke a duwatsu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce za ka tafi birnin Guangzhou na ƙasar Sin karatu, kana son sanin yadda Sinawa ke kallon baƙo musamman baƙar fata, yadda ake zirga-zirga a gari, da ko za ka samu wurin hawan keken dutse kamar yadda ka saba. Allah ya sa a je a sa'a.

Abu na farko, ka raba kallo da wariya, domin wanda ya haɗa su zai ƙuntata wa kansa a banza. Za ka riƙa jin "laowai" ko "waiguoren", wato baƙo ɗan ƙasar waje, da "heiren", wato baƙin mutum. Yawanci ba zagi ba ne, faɗin abin da ido ya gani ne. Tsohuwar da ta zo daga ƙauye za ta iya tsayawa tana kallonka, yaro ya nuna ka da yatsa, wani ya ɗaga waya ya ɗauke ka hoto ba sallama. A unguwannin Xiaobei da Sanyuanli, inda 'yan Afirka suka daɗe suna saye da sayarwa, ba mai ɗaga kai ya dube ka. Ka yi tafiyar awa biyu zuwa wani ƙaramin gari, sai ka zama abin kallo. In hoton ya dame ka, ɗaga hannu ka ce "bu yao", ma'ana ba na so. Ya isa.

Sai kuma zato-zato da aka ɗora wa kowane rukuni. Bature ana ɗaukarsa mai kuɗi, malamin Turanci, ko da bai iya Turancin kirki ba. Ɗan Afirka kuma ana ɗauka ko ɗan kasuwa ne mai saro kaya, ko ɗan ƙwallo, ko wanda bizarsa ta ƙare yana ɓuya. Da yawa suna ɗaukar Afirka ƙasa guda ce mai zafi da yunwa, har a tambaye ka ko akwai dogayen benaye a garinku. Wannan rashin sani ne, kuma yana gushewa da zarar ka iya 'yan kalmomi ka amsa da harshensu.

Amma wariya ta gaske tana nan, bai kamata a ɓoye maka ba. A 2016 wani tallen sabulun wanki na Qiaobi ya nuna an cusa baƙin mutum a injin wanki ya fito farin Basine. A watan Afrilun 2020, lokacin korona, an fitar da 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal-otal a Guangzhou, wasu suka kwana a titi, har Kakakin Majalisar Wakilan Najeriya na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya gayyaci jakadan Sin ya nuna masa rashin amincewa. Inda za ka fi jin ta a yau shi ne neman gida da neman aiki: dillali ya ce ɗaki na nan, mai gida ya gan ka ya ce an riga an kama. Shi ya sa ya fi maka sauƙi ka fara da ɗakin kwanan makaranta, sannan ka nemi gida ta hannun abokin karatu Basine.

Garkuwarka takardu ne. Doka ta ce duk baƙo ya yi rajistar inda yake kwana cikin awa 24 da isowarsa. Otal da makaranta su ke yi maka. In gidan haya ne, kai za ka je ofishin 'yan sandan unguwa da fasfo da takardar haya, kuma duk lokacin da ka canza gida sai ka sake. Wuce wa'adin biza tararsa yuwan (kuɗin Sin) 500 kowace rana har zuwa 10,000, ko tsarewa. Fasfo ya kasance tare da kai, domin a Xiaobei ana tsayar da mutane a duba, kuma an fi tsayar da baƙar fata. Ka miƙa cikin natsuwa, ka karɓa ka wuce. Lambar 12367 ta hukumar shige da fice ce, 110 'yan sanda, 120 motar asibiti.

Batun abinci da sallah da sauƙi. Nemi alamar "qingzhen" mai nufin halal, galibi a shagunan taliyar Lanzhou, kuma akwai tsohon masallacin Huaisheng a cikin gari.

Zirga-zirga kuwa duk a waya take. Kafin ka tashi ka sauke manhajojin Alipay da WeChat da ake biyan kuɗi da su, ka haɗa su da katin bankinka. Daga baya ka buɗe asusu a can, ya fi kwanciyar hankali. Manta da taswirar Google, an toshe ta, kuma ko ta buɗe tana kauce wa ainihin wuri. Amap ko Baidu ake amfani da su. Jirgin ƙarƙashin ƙasa shi ne ƙashin bayan garin: kuɗinsa na farawa daga yuwan 2, layi na 5 ya bi ta Xiaobei, na 2 ta Sanyuanli, na 3 ya kai filin jirgin saman Baiyun. A kowace tasha ana saka jaka a na'urar bincike, don haka wuƙa da makamantanta a bar su a gida. Ka kauce wa tashar Tiyu Xilu da safe da yamma in ba dole ba, cunkosonta sai wanda ya gani. Tasi ta kan titi wani lokaci direba kan wuce baƙo, ko don tsoron rashin fahimtar harshe ko don son rai. Didi, manhajar kiran mota, ta magance wannan, tunda ka riga ka rubuta inda za ka, kuɗi ma ta waya. Babur mai fetur an hana shi a tsakiyar Guangzhou tun 2007, saboda haka kada ka sa ran acaɓa. Kekunan haya na Meituan masu launin rawaya da na Hello shuɗi suna ko'ina, amma ka ajiye a cikin filin da manhaja ta nuna, in ba haka ba a caje ka ƙari. Ka kula da babura masu lantarki na masu kai abinci: ba su da ƙara, kuma suna hawa har hanyar masu ƙafa.

Yanzu keken dutse. Wanda ya tashi yana ganin keken Phoenix a Arewa zai sha mamaki, domin ƙasar da ke ƙera shi ta yi nisa. Akwai kamfanonin keke irin su XDS na Shenzhen, Trinx na Guangzhou, da Giant da Merida na Taiwan masu shaguna a ko'ina. Ɗalibi ya fi dacewa da mai shakazoba a gaba kaɗai, mai nutsewar milimita 100 zuwa 120, taya mai inci 27.5 ko 29, da birkin faifai mai aiki da mai, ko da Shimano MT200 ne. Na hannu ana samu a manhajar Xianyu, amma ka je ka gani da ido: duba wajen waldar firam ko akwai tsaga, ka matse birkin gaba ka jijjiga keken ka ji ko wuya na motsi, ka nemi rasit don kada ka sayi na sata. Kafin ka hau, tabbatar da wane hannu ne birkin gaba, domin wasu kekunan can a dama yake. Wanda ya damƙe shi a gangara da zaton na baya ne, ta kan keke zai tuntsura.

Wurin farawa shi ne wurin shaƙatawa na Dafushan a gundumar Panyu, inda aka yi tseren keken dutse na Wasannin Asiya a 2010. Dutsen Huolushan a gundumar Tianhe ya fi tsauri, da saiwoyi da duwatsu. Dokar shiga da keke a wuraren shaƙatawa takan canza, don haka ka tambayi shagon keke mafi kusa. Ba a shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da cikakken keke; mutum uku ko huɗu kan haɗa kuɗi su kira motar kaya ta Huolala.

Babban abokin gabar kekenka damina ce. Daga Afrilu zuwa Satumba ana ruwa da zafi mai gumi, jar ƙasar wurin ta zama santsi kamar an zuba kuɓewa, ta kuma cinye takalmin birki cikin 'yan fita kaɗan. Bayan kowace fita ka wanke laka da ruwa mara ƙarfi, ka goge sarƙa ta bushe, ka ɗiga mata man da aka yi don damina, ka share rarar. Kada mai ya taɓa faifan birki. In ya taɓa, ƙara zai yi ta yi ba kamu, sai an wanke faifan da sifirit an canza takalmin. In ka cire tiyub ka koma taya mai ruwan toshe huji, zuba kimanin mililita 80 a kowace, ka ƙara bayan wata uku domin zafi na busar da shi. Iska kuma kada ta wuce kima: mahayi mai nauyin kilo 70 ya fara da kusan 24 a gaba, 27 a baya a ma'aunin psi. Taya mai tauri tsalle take a kan saiwa maimakon kamawa. Hular kwano, safar hannu, lita biyu na ruwa, tiyub na ko-ta-kwana da ɗan famfo, waɗannan ba a fita babu su. Lokaci mafi daɗi Oktoba zuwa Fabrairu.

Kada ka shiga daji kai kaɗai. Kusan kowane shagon keke na da rukuninsa a WeChat, suna fita Asabar ko Lahadi da sassafe. Ka gaya wa mai shagon kana son shiga, ka zo a kan lokaci, ka faɗa musu tun farko ba ka cin alade ba ka shan giya, domin bayan hawa sukan zauna cin abinci tare. Ka aje hoton fasfo da takardar inshorar makaranta a waya, asibitocin can sukan nemi a biya kafin a fara magani.